Ƙyallen tela da ƙwallon tsamiya sun fi wayar da muke miƙa wa yara

Makon da ya wuce antin su ƙaramar 'yata ta turo saƙo a guruf ɗin iyaye na WhatsApp, ta ce don Allah kowace uwa ta ɗinko wa ɗanta 'yan jakunkuna biyar na ƙyalle kamar girman tafin hannu, a zuba wake ko wani abu mai kama da shi a ciki a ɗinke bakin, za su riƙa wasan jifa da ƙirge da su a aji, in an tashi yaro ya dawo da abinsa gida ya ci gaba.

Kafin la'asar guruf ya kaure. Wata ta ce ita ba ta kai ɗanta makarantar kuɗi don a mayar da ita tela ba. Wata ta ce waken da take lallaɓawa ta yi wa yara alale shi za ta ɗura a tsumma a yi ta jifa da shi? Wani baban yara kuma, wanda tun da aka buɗe guruf ɗin ban taɓa ganin ya ce uffan ba, ranar ya fito ya ce shi rubutu yake so ya gani a littafin ɗansa ba shiririta ba. Yarinyar da ake wannan faɗan a kanta da sa'o'inta fa shekararsu uku zuwa huɗu.

Ni dai ina bayan antin nan ɗari bisa ɗari. A ganina 'yar jakar nan da aka raina ta fi yawancin kayan wasan roba da muke kwasowa a kasuwa amfani, ta fi littafin da ake danne hannun ɗan shekara uku a ce sai ya cika shi da A, kuma ta fi waya nesa ba kusa ba. Kuma ba makaranta kaɗai ba, kowane gida mai ƙananan yara ya kamata a same ta a ciki. Amma ba duk abin da masu faɗan suka faɗa ne shirme ba, akwai mai gaskiya a ciki, shi ya sa nake so mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa ba ƙwallo ba kawai?

Ki ɗauki ƙwallo ki jefa wa ɗan shekara uku ki gani. Zai buɗe hannuwa duka biyu ya rufe ido, ƙwallon ta daki ƙirjinsa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado ko ta gangara rariya, shi ke nan wasa ya koma neman ƙwallo da tsintsiya. Sau uku aka yi haka ke kin gaji shi ma ya gaji.

Ita 'yar jakar ba ta tsalle ba ta gangarawa. Inda ta faɗi nan take zama. In ta sauka a hannun yaro sai ta lanƙwashe ta bi yatsunsa, don haka ko wanda bai iya cafka ba yana kamawa, kuma duk wadda ta taɓa ganin fuskar yaro ranar da ya fara cafke abu a sama ta san abin da nake faɗa. Ba ta fasa gilashin shokes, ba ta fasa talabijin, in ta sami ƙaninsa a goshi ba kumburi sai dai kukan shagwaɓa.

Ɗinkin ma ba wani aiki ba ne. Ƙyalle mai ɗan kauri, guntun atamfa ko shadda ko ƙafar tsohon wandon jins, a yanka inci 5 faɗi inci 10 tsawo, a ninka biyu ta bai-bai a bi gefe biyu da ɗinki, a juyo shi, a zuba kamar rabin ƙaramin gwangwanin madara, a cusa bakin ciki a ɗinke. Kada a cika ta dam, in ta cika ta zama dutse kuma ta koma gangarawa irin na ƙwallo, a bar mata wuri abin ciki ya riƙa motsi. Mai keke minti kaɗan ne, marar keke allura da zare sun isa.

"Wasa dai wasa ne, karatu muke so"

Wannan ita ce maganar baban yaran nan, kuma na san ba shi kaɗai ba ne, yawancinmu haka muke. In yaro ya dawo ba aikin gida a jaka sai mu ce makarantar ba a koyarwa. Har gasa ake yi a gidan suna, ɗan wance shekara biyu da rabi ya iya rubuta ɗaya zuwa hamsin.

To ki kira yaron nan ki zube masa jakunkuna biyar ki ce ya miƙo miki uku. Da yawa a nan suke tsayawa. Ya haddace waƙar ƙirge tsaf tun daga farko har ƙarshe amma bai san uku abu ne da ake riƙewa a hannu ba. Ni na fi son yaron da ya tsaya a goma amma ya san abin da goman take nufi.

Ga yadda abin yake a tsakar gidanmu. A ajiye bokiti ko roba a gindin bango, a ja layi da gawayi, yarinya ta tsaya a bayan layin da jakunkunanta biyar ta yi ta jefawa. Ta gama sai in ce nawa suka shiga? Ta ruga ta leƙa, ta zaro su ɗaya-ɗaya tana ƙirgawa, uku. Nawa suka faɗi waje? Biyu. Nawa kika jefa duka? Sai ta ɗan yi shiru tana kallon na hannunta tana kallon na ƙasa. Wannan ɗan shirun shi ne lissafin. Ba wanda ya ce mata ana tarawa ko ana ɗebewa, amma shi take yi, kuma za ta yi shi sau ashirin a jere ba hawaye ba majina saboda so take biyar ɗin duka su shiga.

In ta fara gwanancewa a matsar da layin baya. In an gaji da bokiti a zana da'ira-da'ira a ƙasa a rubuta lamba a kowace, ko baƙaƙe, na boko ko na Islamiyya, a ce jefa kan ba'un, jefa kan jimun, jefa kan ɗ mai lanƙwasa. In yaran suna da yawa su yi zobe, wanda jaka ta faɗo hannunsa ya faɗi sunan dabba mai farawa da k, kaza, kare, kura, kunkuru, kada, wanda ya rasa ya fita. Ki ji yadda za su yi ta gardama kan ko ƙuda ya shiga lissafi, to a nan ne za ki nuna musu bambancin k da ƙ, abin da manya da digiri ma har yau yake ba su wahala.

Ni wanda ya fi burge ni ma ba na ƙirgen ba ne. Ki ɗinka biyu girmansu ɗaya, ɗaya ki cika da tsakuwa ɗaya da ɓuntun shinkafa, ki rufe wa yaro ido ki ɗora masa a hannu dama da hagu ki ce wacce ta fi nauyi. Sai ya buɗe ido ya ga ai girmansu ɗaya, ya yi ta jujjuya su yana mamaki. Ko ki ɗora masa ɗaya a ka ya bi layin gawayi ba tare da ta faɗo ba, irin yadda 'yan talla suke tafiya da faranti ba ko riƙewa. Ko ki ce da hannun hagu yanzu. Duk wannan damƙa da saki da saita ido da hannu su ne suke gyara hannun da gobe zai riƙe fensir, shi ya sa nake mamakin mai son rubutu mai kyau amma yana faɗa da abin da yake ƙarfafa yatsu.

Kuma ba antin ce ta ƙirƙiro wannan daga kanta ba. Kundin manufofin ilimi na Nijeriya da kansa ya ce babbar hanyar koyarwa a matakin nazare ita ce wasa. Mu iyaye ne muka matsa wa masu makarantu lamba, su kuma kasuwa suke yi, abin da mai biya yake so shi za su ba shi, sai aka wayi gari ɗan shekara uku yana ɗauke da jakar littattafai da ta fi shi faɗi.

Masu ganin kamar wasa ya saɓa wa tarbiyya kuwa, ai Nana A'isha tana da 'yan tsana tana wasa da su ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma shi da kansa yake turo mata ƙawayen in sun ɓuya don kunyarsa. Ya taɓa tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa bai so ya katse masa ba. Wa ya fi shi sanin tarbiyya?

"Abinci ne fa, ya za a yi wasa da shi"

Wannan kam ina tare da mai maganar. Duk wanda ya auni wake a 2024 ya san abin da ya gani, kuma ko da araha yake mu ba a rene mu da jifa da abinci ba, ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa ma sai an ce ka ɗauke. Gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa.

Har ma akwai dalilin da ya fi tsada ƙarfi. Waken kasuwa ba ki san abin da aka barbaɗa masa a sito ba. Wasu 'yan kasuwa fiya-fiya suke sa wa don kada ya yi ƙwari, kuma saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Na tukunya aƙalla ana wankewa a dafa, wasu ma su tafasa su zubar da ruwan farko. Na cikin jaka fa? Yaro zai tsotsi ƙyallen ya jiƙa shi da yawu. In kuma waken mai kyau ne ba magani, to ba a daɗe ƙwari za su cinye shi ya koma gari, ɓera kuma ya ji ƙamshi ya huda miki jakar da dare.

Amma antin cewa ta yi wake ko wani abu mai kama da shi, wannan rabin ne ba wanda ya karanta. Mu da muke zubar da abin cikawa kullum a bola. Kin jiƙa tsamiya kin dama kunu, ina ƙwallayen suke zuwa? Su ne ma suka fi wake daɗin riƙewa, santsi gare su ga nauyi daidai ga wata 'yar ƙara mai daɗi in sun haɗu. Ƙwallon dabino da azumi, gida ɗaya sai ya tara kwano. 'Ya'yan kuka bayan an wanke garin. Ƙwallon magarya. Ƙananan tsakuwa marasa kaifi. A wanke su tas a shanya su bushe ƙayau, don in da sauran danshi ko zaƙi a jiki to da damina funfuna za su yi kuma tururuwa ta samu gida. Yashi ne ban cika so ba, yana tsiyaya ta ƙofar ɗinki ya shiga ido.

Sai dai don Allah ba kowane ɗan itace ake ɗurawa ba. 'Ya'yan zurman da na cini-da-zugu da idon zakara, jajayen nan masu ɗigon baƙi da yara suke son tsinta saboda kyau, duk guba ne, kada ma su kusanci abin da yaro zai kai baki.

"In ya fashe ya haɗiye fa?"

Tsoro ne na gaskiya, ba zan ce ba komai ba. Yaro yana iya shaƙewa da ƙaramin abu, yana iya cusa shi a hanci ko kunne, kuma ƙwayar wake in ta shiga hanci ta sha danshi kumbura take yi ta ƙi fita. In hakan ta faru kada a tsaya ƙwaƙula da tsinken ashana ko mabuɗi, ƙara tura shi ciki ake yi, asibiti kai tsaye.

Don haka ɗinki biyu ake yi, a bi layi a sake bi. Wadda take so hankalinta ya kwanta sosai ta fara ɗinke ƙwallayen a cikin wani ƙyalle sannan ta sa shi cikin na waje, riga biyu ke nan. Ba maɓalli, ba duwatsun ado, ba ido na roba. Lokaci-lokaci a ja bakin a gani ko zare ya fara saki. Wanda bai kai shekara uku ba kada a bar shi da ita shi kaɗai, in ma na goye ne mai kai komai baki a cika masa tasa da guntayen ƙyalle zalla.

Amma ina so mai wannan tsoron ta juya ta dubi kwandon kayan wasan da ke ɗakinta da irin wannan idon. Motar roba mai arha da tayarta take ɓallewa ranar da aka saya, 'yar tsana mai ido da ake ƙwaƙulewa, bindiga mai ƙananan harsasai, sannan uwa uba masu fitila da kiɗa da ke ɗauke da ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo. Shi in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙoshi cikin 'yan awanni yake ƙona wurin. Murfinsa kuma sau da yawa ba ko sukurun kirki. Ban taɓa jin an yi faɗa a guruf a kan wannan ba, saboda shi daga shago ya fito a cikin kwali.

"Kayan talakawa"

Ba wadda ta faɗi wannan a fili amma shi ne a ƙarƙashin maganar tela ɗin nan. Kunya ake ji a ga ɗanka da abin da aka ɗinka da tsumma, kada a ce babu ce ta sa.

Abin dariya, makarantun kuɗi da yawa a garin nan an rubuta Montessori a allon ƙofarsu, kuma sunan yana cikin abin da ake caza. Ita Maria Montessori ɗin makarantarta ta farko a 1907 ta buɗe ta a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, 'ya'yan leburori ne ɗalibanta, kuma dukan tsarinta a kan yaro ya taɓa abu da hannunsa ya gane yake. Kafin ita akwai Friedrich Froebel na Jamus da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan kindagatin a 1840, abu na farko da yake ba yaro ƙananan ƙwallaye ne masu laushi na zaren ulu guda shida kala-kala. A Japan kuwa, ƙasar da take ƙera wa duniya na'urorin wasa, har yau akwai otedama, 'yan jakunkuna na guntun yadi da ake cikawa da ƙananan jan wake, kaka ce take koya wa jikokinta mata tana yi tana waƙa, ana watsawa sama ana cafkewa. In kika ga yadda ake yin sa za ki ce carabke ce.

Mu ma ai ba da kayan shago muka tashi ba. Carabke da duwatsu biyar, 'yar gala-gala da guntun fasasshiyar tukunya, dara a ramukan ƙasa, 'yar tsanar kara da ake yi wa kitso da zare, maza suna can da motar langa-langa da ƙwallon tsumma da garen taya. Ba wanda ya kira su darasi amma a cikinsu muka koyi ƙirge da saiti da jiran layi, da yadda ake cinye ka ka haƙura ka sake shiga.

Abin da ya canza shi ne wurin. Dandali ya mutu a yawancin unguwannin birni, filin da ake wasa an yanka shi fuloti, lungu ya cika da babura da Adaidaita, ga tsoron masu satar yara, kowa ya ja get ya kulle. Tsakar gidan ma an malale ta da siminti ko tayil, wasu kuma a bene suke ba tsakar gidan gaba ɗaya. Yaro yana cikin falo daga dawowa makaranta har barci. Ba a yin langa a falo, ba a buga ƙwallo a gaban talabijin. To me ya rage masa? A nan 'yar jakar take da rana, don ita kusan duk wasannin nan tana shiga cikinsu kuma ta dace da ɗaki. Ana 'yar gala-gala da ita a kan layin tayil, ana carabke da ƙanananta ba a farfasa yatsu ba.

Maganar da ba ma so a yi

Ni a ganina duk waɗannan dalilan na baki ne. Ainihin abin shi ne 'yar jakar nan ba ta wasa da yaro ita kaɗai, sai da mutum na biyu. Sai wani ya jefo, wani ya ce nawa suka shiga, wani ya tafa. Ita kuwa waya ba ta neman komai a wurinki sai caji da data, ki miƙa masa ya yi tsit ki gama girkinki.

Ban ce ban san gajiya ba. Mace ta tashi tun asuba, ga wanki ga girki ga mai goyo ga ƙila aikin ofis ko sana'a, wani lokacin wallahi shirun nan na minti talatin shi ne kaɗai hutunta a yini. Ba zan zagi wadda ta miƙa waya a irin wannan hali ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu riƙa yaudarar kanmu wai karatu yake yi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi, sannan yaran nan suna buƙatar motsa jiki aƙalla minti 180 kullum. Awa uku ke nan. Kowa ya auna da gidansa, a gidaje da yawa an juya lissafin ne, awa ukun na waya ne.

Eh yana jin waƙar ABC a katun, har ya kwaikwayi Turancin ma ki ji daɗi. Amma katun ba ya jiran amsarsa, ba ya ganin ya yi kuskure ya gyara masa, ba ya cewa saura ƙanwarka. Yatsa ɗaya kawai yake aiki. Sannan ki gwada karɓe wayar ki ga tashin hankali.

Kuma wa ya ce sai uwa? Wannan ne ma ya fi ba ni haushi da maganar baban yaran can. Maigida ya dawo daga kasuwa ya ci abinci ya kishingiɗa yana latsa waya har isha, ko ya fice majalisa. Minti goma tsakanin magariba da isha, yana zaune a kan tabarmarsa ko tashi ba sai ya yi ba, ya riƙa jefa wa yaro yana cewa cafke, da hagu yanzu, nawa ke nan. Kaka tana nan zaune tana neman abokin hira, ita ce ma ta fi kowa iya waƙoƙin da ake haɗawa da su. Yayye suna nan, 'yar shekara tara ta fi kowa son zama malama, ki ba ta gawayi kawai ki koma gefe. In ta kai goma ma ki ba ta allura ta ɗinka da kanta, ta koyi sa zare ta koyi ƙulli, namiji ma haka, ba abin da zai rage shi.

Wata za ta ce kwana biyu za su gaji da ita su watsar. Gaskiya ne in wasa ɗaya ake ta maimaitawa. Amma motar batir abu ɗaya ta iya, in ya gama kallonsa sai ya fasa ta ya ga cikinta. Jaka kuwa yau ƙwallo ce, gobe buhun shinkafa ce a shagon wasa ana ciniki da kuɗin ganye, jibi matashin kan 'yar tsana. Ɗan firamare ana iya yi masa jadawalin sau da ita, a jefo a ce bakwai sau shida, ya amsa kafin ya jefo. Su da kansu za su ƙirƙiro dokokin da ba ki taɓa tunani ba, ki same su suna shari'a a kan wanda ƙafarsa ta taka layi.

Inda iyaye suke da gaskiya a kan makarantu

Akwai makarantun da a takardar kuɗinsu za ki ga an ware wani abu wai na kayan koyarwa, kowane zango ana biya, ki shiga ajin ba komai sai benci da allo da hoton tuffa a bango. Wanda ya biya irin wannan yana da haƙƙin ya tambaya ina kuɗin ya tafi, kuma a taron iyaye da malamai ake wannan tambayar, a gaban mai makaranta. Ba a kan anti za a sauke ba, wadda albashinta sau da yawa bai kai kuɗin zangon yaro ɗaya ba, ita da ta yi tunanin abin da zai amfani yaran ba tare da ta ce a kawo ko sisi ba.

Ni har na fi tunanin makarantun gwamnati da Islamiyyun unguwa, inda za ka ga aji ɗaya yara sun cika shi maƙil a zaune a ƙasa, malama ɗaya da bulala, ba abin da za ta ba su su riƙe. A can ba a maganar kayan Montessori na katako da ake shigowa da su. Amma ƙyalle fa? Ki je shagon kowane tela ana saura sati biyu sallah ki ga abin da yake sharewa waje, buhu-buhu, wasu ƙonawa suke yi. Ki roƙa zai ba ki yana murna an rage masa shara. Mata biyar masu keke a unguwa in suka zauna yammacin Asabar ɗaya sun ɗinka wa aji guda, masu kunun tsamiya na bakin layi su tara ƙwallaye. Ƙungiyoyin mata da muke da su na biki da adashi da anko ba abin da zai gagare su a nan.

Masu ɗinki a gida ma ga 'yar sana'a. Saiti na biyar-biyar kala daban-daban, ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari, a ɗinka lamba a jikin kowace da wani ƙyallen, a haɗa da 'yar jakar zuge da za a riƙa tattara su. Uwayen da suka ce su ba teloli ba ne sai su saya a wurinki, in kin sa a leda mai ƙyalli kin liƙa suna ma sun fi saurin biya.